Kyamara a Saman Firij

Kumatu tana tafiya. Ni na sani, ita ma ta sani. Matsalar kawai babu wanda ya taɓa gani da idonsa, har ni uwarta.

'Yata ce, shekararta ɗaya da rabi, kuma duk wanda ya ga fuskarta ba zai tambayi inda ta samo sunan ba. In ina kicin ina aiki sai in jiyo tif-tif-tif daga falo, irin ƙarar da rarrafe ba ya yi. Da na leƙo sai in tarar da ita zaune daɓas a tsakiyar ɗaki, nesa da kujera, nesa da bango, tana kallona kamar wadda aka ɗauko aka ajiye. Wata rana hodarta ta zube a kan tayil. Kafin in je in ɗauko tsumma in dawo, sai ga sawun ƙafa ƙanana sun tashi daga gindin kujera sun nufi taga. Babu sawun gwiwa, babu na tafin hannu. Na ɗauki hotonsu a waya, ranar asibiti na kai wa likita ina ta murna.

Likitar yaran mace ce mai haƙuri, amma ba sawu take dubawa ba. Ta tsayar da Kumatu a ƙasa, Kumatu ta lanƙwashe kamar buhun da aka zazzage. Ta nuna mata ƙwallo, ta kaɗa mata makullai, ta yi mata waƙa. Kumatu ta saurari waƙar har ƙarshe a zaune.

"Maman Kumatu, na yarda da ke," in ji likita, "amma ƙafar hagun nan da ta ɗan karkata ciki, sai na ga yadda take sauka. In tafin yana taka ƙasa sosai, ba a kan gefensa ba, kuma ba ta harɗe 'yar'uwarta, to mu ƙyale ta, za ta miƙe da kanta. In kuwa ban gani ba, ba zan zauna jira ba. Zan tura ku a auna mata takalmin ƙarfe."

Ta buɗe durowa ta nuna min irinsa. Takalma biyu ne ƙanana, an haɗa su da sandar ƙarfe a tsakani. Yaro yana kwana da shi, yana yin rabin wuni da shi. Na san akwai yaran da shi ne gatansu, ban raina shi ba. Amma wannan yarinya ce da ko safa ba ta bari ta kwana a ƙafarta.

"Ki ɗauko min bidiyo kafin ku dawo," ta ce. "Mai ɗan tsawo, ba taku biyu ba. Kuma ƙafafun nake son gani, ba kumatun ba."

Waya ba ta yi ba. Kumatu ta san waya kamar yunwar cikinta. Ko ta bayan labule na zuro ta, sai ta zauna ta miƙo hannu tana "ba, ba". Na jingina ta a saman kabad a bayan littattafai, abin da na samu tsakar kanta ne da wasu ɗigo biyu can ƙasa, wai su ne ƙafafun. Na ɓoye ta a ƙarƙashin kujera, ta rarrafa ta zaƙulo ta, bidiyon ya ƙare a cikin bakinta.

Sai na koma kan kyamarar Baban Kumatu. Aikinsa duba rufin gine-gine ne da tankunan ruwa na sama, don haka yana da kyamara mai dogon lens, irin zum ɗin nan da ke jawo ƙusa daga ƙolin bene ya kawo ta gaban hancinka. Yana lallaɓa ta fiye da yadda yake lallaɓa kansa. Da na roƙa sai da ya yi min lacca.

"Ba a taɓa gilashin. Ba a barin ta a rana. Ba a ɗaukar ta da hannu mai maiƙo."

"Ba a numfashi kusa da ita?"

"In da hali a rage."

Gidanmu dogo ne kamar taragon jirgin ƙasa: falo a wannan kai, kicin a wancan, korido a tsakani. In aka bar ƙofar kicin a ɗan buɗe, daga saman firij ana hango tsakiyar falo sarai. Firij ɗin gajere ne, iya ƙirjina. Na shimfiɗa ɗan tawul na goge kwano a kai, na ɗora kyamarar, na murɗa zum har kafet ɗin falo ya cika allo, na danna jan maɓalli. Sannan na juya baya na shiga wanke-wanke kamar ban san da kowa ba.

Ba a jima ba na ji takun. Na danne zuciyata ban waiga ba sai da ya tsaya.

Bidiyon ya kama ta. Ga ta nan a tsaye, ga ƙafafun suna ɗagawa suna sauka. Amma hoton ba ya zama wuri ɗaya. Da farko sai ya riƙa zamewa gefe a hankali kamar kwale-kwalen da ba a ɗaure ba, can ya fizgo ya dawo. Daga baya kuma sai wata 'yar karkarwa ta kama shi, ƙafafun Kumatu suka koma kamar guda huɗu.

Kuskurena ɗaya, na nuna wa Gwaggon Kumatu. Yayar mijina ce, tana sonmu ƙwarai, kuma ba ta iya son mutum a hankali ba. Ta zo gaishe mu da yamma, na miƙa mata kyamarar don ta ga dai yarinyar tana tafiya.

"Innalillahi! Amaryarmu, dubi ƙafafun yarinyar nan suna kaɗawa kamar mazari!"

"Yaya, hoton ne."

"Wane hoto? Kyamarar da ake ɗaukar bene da ita? Ni dai ku kai ta a saka takalmin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Bayan ta tafi na sake kallo, na sake kallo. Gaskiya maganarta ta shige ni. In ƙafafun ne fa? In kuma na kai wa likita wannan a haka, ai da hannuna na kai mata dalilin saka takalmi.

Ni mutum ce da in abu ya dame ni sai na raba shi gida-gida. Da Kumatu ta yi barcin rana washegari, na mayar da kyamarar saman firij, na auna ƙafar kujera, na ɗauka. Na kunna. Ƙafar kujera ta yi ninkaya, ta fizgo, can kuma ta kama karkarwa tiryan-tiryan irin ta jiya. Na yi ajiyar zuciya har sai da na zauna. Na tura wa Gwaggo da saƙo: "Yaya, ita ma kujerar a auna mata?"

Ta amsa: "Ke dai bakinki ya fi ki girma."

To, ba 'yata ba ce. Saura kyamara. Da Baban Kumatu ya dawo na gaya masa lens ɗinsa ba shi da lafiya, sai ya kalle ni kamar na zagi danginsa. Ya ɗauka a hannu, ya tsaya a taga, ya jawo eriyar wani gida can nesa. Hoto tsaye cak.

"Kin gani? Ƙalau. Me kika taɓa?"

"Jan maɓalli. Shi ka ce in taɓa."

Duk da haka ya zauna ya yi abin da ya sani. Ya canza batir. Ya cire lens ɗin ya goge 'yan ƙarafan zinaren da ke gindinsa da ƙyalle mai laushi, wai wani lokaci datti ne ke hana su gaisawa da kyamarar. Ya miƙo min in riƙe masa yana hure ciki. Ina ɗan karkata shi sai na ji ƙwal. Na sake karkatawa. Ƙwal-ƙwal, kamar tsakuwa a gwangwani.

Muka kalli juna.

"Kin yar da shi."

"Ni? Kai da kake hawa tsani da shi a wuya?"

"Da ba ya yi."

"Ka taɓa girgiza shi ka saurara?"

Bai taɓa ba. Mutumin da ke ɗaukar lens kamar ƙwai, ina zai girgiza shi?

Da safe na saɓi Kumatu da jakar kyamara na nufi wajen mai gyara. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani gini ne na masu sayar da kayan lantarki, ɗan tsukuku, mutum biyu ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa. A bayansa akwai kabad na gilashi cike da lens, da ƙwan fitila a kunne a ciki don kada danshi ya kama su. A kan teburinsa sukudireba ƙanana kamar tsinken sakace, da 'yar robar hura iska, wadda Kumatu ta ƙwace tun kafin mu gama gaisawa.

Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na ce, "Baba, wani abu ya karye a ciki," na girgiza masa a kunne.

"A'a, a'a, 'yata, ya isa, ba kacau-kacau ba ne." Ya karɓa. "Wannan ƙarar da ita aka haife shi. A ciki akwai wani ɗan gilashi da ba a ɗaure shi ba, lilo yake yi. In hannunki ya yi dama, shi sai ya yi hagu, hoto ya zauna daidai. Shi ne mai hana rawa. In babu wuta a jikinsa sai ya saki jiki, shi ne kike jin ƙwal-ƙwal."

Ya ɗaura shi a kyamarar, ya ce in leƙa in auna agogon shagon da ke tsallaken hanya. Ya nuna min wani ɗan maɓalli a gefen lens ɗin, ya tura shi baya. Nan take agogon ya shiga tsalle a idona, ashe haka hannuna yake rawa ban sani ba. Ya tura shi gaba. Na ji wani siririn sauti kamar sauro a nesa, agogon ya tsaya.

"Lafiyarsa ƙalau. To ke a hannu kike ɗauka?"

"A'a, ajiye ta nake yi a kan abu."

"Yauwa." Ya ajiye kyamarar a kan teburinsa, ya ce in kalli allon. Muna kallo agogon ya fara zamewa gefe, ya fizgo ya dawo. Irin ninkayar gidanmu sak. "Shi wannan tsohon ƙira ne, don hannu aka yi shi. In kika ajiye shi inda babu rawa, sai ya shiga neman rawar da babu, ya yi ta gyaran abin da bai ɓaci ba. In za ki ajiye, kashe shi. In za ki riƙe, kunna shi. Na ƙasan nan kuma," ya nuna wani maɓallin, "in abin da kike ɗauka yana wucewa ne kina bin sa, mota ko ɗan tsere, ki mayar da shi na biyu, don kada ya yi kokawa da hannunki."

"'Yar tseren ga ta nan," na ce.

Ya dubi Kumatu ta saman tabarau. Ta hura masa iska a fuska.

Ko noti ɗaya bai kwance ba. Da na kira Baban Kumatu a hanya na maimaita masa bayanin, sai na ji yana dariya.

"Gyaran abin da bai ɓaci ba? Ashe lens ɗin danginku ne."

"Me kake nufi?"

"Ba komai. Yarinya dai in ta miƙe tsaye, kafin ta ɗaga ƙafa kin riga kin cafe ta."

"Tayil ne a gidan, Malam. Kai ne za ka ɗinke goshin?"

"Ni ban ce komai ba. Lens nake yabo."

Ina isa gida na kashe mai hana rawa, na ɗora a saman firij, na gwada da ƙafar kujera. Tsaye kamar an dasa. Na yi 'yar rawata a kicin ni kaɗai. Da Kumatu ta tashi daga barci na kunna, na juya baya, na ji taku, na jira. Na duba. Farkon bidiyon tas, har zaren kafet ana gani. Tana miƙewa tsaye kuwa sai karkarwar nan ta dawo, ta ma fi ta da muni. Ninkaya ta tafi, karkarwa ta zauna.

Na rasa abin yi. Na kifa goshina a jikin firij ɗin ina tunanin ko in koma wajen Baba mai gyara. Ina nan a haka sai firij ya yi gyaran murya, ya ɗan girgiza, ya kama gurnaninsa na kullum. Na ji shi a goshina har cikin haƙora.

Na ɗago a hankali. Na ɗebo ruwa a kofin gilashi na ɗora a inda nake ajiye kyamara. Fuskar ruwan ta shiga yin 'yan zobba. Na tsaya ina kallo har injin ya huta, ruwan ya kwanta.

Ashe cuta biyu ce. In firij yana barci, lens ne ke ƙirƙiro rawa. In firij ya farka, shi ke kaɗa kyamarar gaba ɗaya, kuma da yake na jawo zum har ƙarshe, 'yar girgizar da ido ba ya gani sai ta zama girgizar ƙasa. Gurnanin da na saba ji har na daina ji, shi ya kusa saka wa 'yata takalmi.

Na cire firij daga soket.

Gidan ya yi tsit. Ni ma na tsaya ƙiƙam a bayan ƙofa, ko motsi ba na yi don kada in girgiza wani abu. Shiru. Can sai na ji shaf-shaf na rarrafe yana tahowa ta korido. Ƙofa ta buɗe, kumatu suka leƙo ta ƙasa.

"Mama?"

Wato ita ma tana da nata lissafin. In ta ji ƙarar kwanoni da ruwa, ta san na shagala, fili nata ne. In ta ji shiru, ta san akwai magana. Na mayar da ita falo, na dawo na saki famfo, na kunna rediyo, na yi ta buga murfin tukwane kamar mai girkin taro. Sai da na yi haka har hannuna ya gaji kafin ta yarda.

Wannan karon hoton bai motsa ba. Sai dai Kumatu ta shigo ta hagu ta fice ta dama kafin in ƙifta ido, don zum ba ya ganin gefe, abin da ke gabansa kawai ya sani. Kuma daga saman firij bayan ƙafar ake gani, ba tafin ba. Na tsayar da hoton na ƙura ido. Ko ni da na haife ta ba zan iya rantsewa a kan yadda ƙafar ta sauka ba, balle likita.

Da Baban Kumatu ya dawo, abin da ya fara takawa a kicin ruwa ne. Na manta ban mayar da firij ba.

"Madam, kyamara na ba ki aro. Ban ce ki haɗa da kayan sanyi ba."

"Goge ka ba ni wuri, gobe ne asibiti."

Ya goge kuwa. Yana matse tsumma ya ce, "Me ya rage?"

"Sai na riƙe da hannuna. Daga ƙasa. In bi ta."

"To ki bar ni in ɗauka, ai na fi ki sabo."

"In kana gida ba ta sauka daga wuyanka. Ka tafi aikinka."

Da safe, bayan ya fita, na shirya. Na bar firij a kunne. Na tura maɓallin hana rawa gaba, na mayar da na ƙasan na biyu kamar yadda Baba mai gyara ya ce. Na ajiye wa Kumatu kayan wasanta a gindin kujera, na kai takalmin babanta, wanda take mutuwar so, can gindin taga. Na saki famfo a cikin roba a sinki, na kunna rediyo. Sannan na zauna a ƙasan kicin, nesa da firij, na kafa gwiwar hannuna a kan gwiwoyina, na zura lens ta tsagar ƙofa. Siririn sautin nan na sauro ya tashi, falo ya tsaya a idona.

Sai a lokacin na tuna wani abu. Duk bidiyon da na ɗauka, baya na juya. Wannan ne karon farko da zan gani yana faruwa.

Ta yi wasa. Ta ciji kunnen 'yar tsana. Ta dubi korido, ta saurara. Sannan ta dafa kujera ta miƙe, ta saki.

Wayyo, 'yar mutum. Hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, ciki a gaba, baki a buɗe. Ta ɗaga ta dama ta ajiye. Ta ɗaga ta hagu. Hannuna ya ɗauki rawa, ina jin sa, amma hoton bai nuna ba, ɗan gilashin nan yana ciki yana shanye min. Na sauke lens zuwa ƙafafun na bi su a hankali. Ga dunduniya, ga tafi, ga yatsu suna baje a kan kafet kamar masu neman abin kamawa.

Tana sauka daga kafet zuwa tayil sai ta yi tangaɗi. Ta yi baya, ta yi gaba, ta tafi gefe ɗaya, tim.

Gwiwata ta riga ta tashi. Ban ma san ta tashi ba. Amma abin da na ɗauka bai kai ba, na sani, likita ta ce mai ɗan tsawo. In na fita yanzu za ta gan ni, ta miƙo hannu, shi ke nan an tashi kasuwa, kuma babu wata safiyar kafin asibiti. Na duba ta cikin lens. Kanta bai taɓa ƙasa ba, da mazaunai da kafaɗa ta sauka. Tebur yana nesa, kuma kusurwoyinsa duk na riga na naɗe su da soso tun tana rarrafe. Na mayar da gwiwata ƙasa.

Ta tashi zaune. Ta turo leɓen ƙasa. Ta juyo ta kalli korido, ta ja numfashin kuka ta riƙe, tana jiran mai saye. Rediyo yana ta labarin wasanni, famfo yana zuba. Ba wanda ya zo. Leɓen ya koma. Ta kalli hannunta, ta goge a riga. Sai ta kifa tafukanta a ƙasa, ta ɗaga mazaunai sama, ta tsaya a haka kamar tana nazari, ta miƙe. Babu kujera, babu bango.

A daidai nan na ji sanyi a ƙarƙashina. Robar ta cika, sinki ya cika, ruwa ya gangaro ta jikin kabad ya same ni inda nake zaune. Na bar shi. Ya jiƙa siket, ya wuce ya nufi ƙofa. Kumatu ta isa taga, ta sunkuya ta ɗauki takalmin babanta da hannu biyu, ta juyo, ta kamo hanyar kujera tana fuskantata. Ƙafafun biyu suka cika allo, suna zuwa, suna zuwa. Sai da ta ajiye takalmin a kan kujera ta zauna don kanta, sannan na danna maɓalli na tashi na kashe famfo. Na je na ɗauke ta da jiƙaƙƙen siket na matse ta har ta yi ƙara. Na duba kafaɗar. Ko ja ba ta yi ba.

A asibiti Baban Kumatu ya same mu. Likita ta saka katin kyamarar a kwamfutarta, muka tsaya a bayanta. Kumatu tana kan cinyar babanta, ta nuna allo ta ce, "Bebi."

"Wa ya ɗauka? Hoton ya yi kyau," in ji likita.

"Kyamarata ce," in ji shi.

"Ba ita na tambaya ba."

Ta rage gudun bidiyon. Ta tsayar a inda ƙafar hagu ta sauka, ta matso da fuskarta, ta ci gaba, ta sake tsayarwa. Ni dai bakinta nake kallo. Da aka zo faɗuwar sai ta ƙara sauti, ban san dalili ba. A ƙarƙashin rediyo da famfo sai ga wata murya tana raɗa, "Tashi, tashi, tashi, uwata, tashi." Wallahi ban san na yi magana ba.

Likita ta yi murmushi, ta mayar da wurin baya ta sake kallon yadda ta miƙe. Ta bar shi ya tafi har ƙarshe. Sannan ta kama ƙafar Kumatu ta gaske, ta lanƙwasa ta nan, ta lanƙwasa ta can.

"Tafin yana sauka sosai. Karkatar tana nan kaɗan, amma ba ta harɗe ta, kuma ƙafar da laushinta. Babu takalmi. Ki bar ta ƙafa a ƙasa a cikin gida, ta yi ta yawo. Ku dawo nan gaba in sake dubawa."

Na ce na gode ya fi a ƙirga. Ita ce ma ta tuna min katin kyamarar da na kusa bari.

A mota na kira Gwaggon Kumatu na saka ta a sifika.

"Yaya, an ce babu takalmi."

"Alhamdulillahi! Ai dama ni na faɗa."

"Me kika faɗa, Yaya?"

"Jininmu ne, ba ma gaggawar tafiya. Shi wannan ubanta da kike gani, ya kusa shekara biyu ina jan sa a kwali kamar kaya. Har maƙwabta sun fara yi wa Inna jaje."

"Yaya! Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Na juya na kalli Baban Kumatu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan titi kamar ɗan koyo.

"A kwali?" na ce.

"Ni ba a ɗauke ni a bidiyo ba," ya ce. "Babu shaida."